Sayen gyararren gidan ƙasa a Zariya da ƙauyukanta

Gyararren gidan ƙasa shi ne tsohon gidan da aka gina da tubali da jar ƙasa, daga baya aka yi masa fulasta da siminti, aka ɗora kwano, aka ja wuta, wani lokaci har da tayil da silin, sannan aka sa shi a kasuwa. Irinsa suna da yawa a cikin birnin Zariya da Tudun Wada, da garuruwan kewaye kamar Dakace, Wusasa, Bomo, Basawa da Shika. Cinikinsa ya bambanta da na gidan bulo, domin abin da ke riƙe da ginin gyaran ya rufe shi.

Asalin ginin

Tubali curin ƙasa ne da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Ana jera shi a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, katanga ta yi kauri a gindi ta riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin soro yana kan azara, wato tsagaggen itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa ɗaki mai faɗi ake yi masa baka ko ginshiƙi. A waje ana shafe ginin da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan soro kuma a sa laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga, indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango. Duk wannan sai an riƙa sabunta shi kafin damina. Gudun wannan ɗawainiya ce ta sa mutane suka koma siminti.

Siminti a kan ƙasa

Nan ne yawancin ɓarna take. Siminti ba ya kama ƙasa da gaske, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, don haka fulasta takan tsage ta rabu da bango. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta yi laushi alhali fuskar bango tana nan sumul da sabon fenti. Yaɓen gargajiya yana barin danshi ya fita da kansa, siminti da fentin mai ba sa bari. 

Gwajin ba shi da wuya. A bi bango ana ƙwanƙwasawa da makulli, daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu. Inda ya yi amo kamar ganga, fulasta ta saki. Kumburin fenti, farin gishiri a gindin bango da warin ruma a bayan kabad duk alamun danshi ne. Magini mai sanin aiki yakan kafa ragar waya ko ya cusa tsakuwa a jikin bango kafin fulasta, kuma yakan yi dakali a gindi don ruwan da ke zuba daga kwano kada ya ci tushe. A tambayi mai gida wanda ya yi aikin, a je a ji daga bakinsa.

Sai a duba tsayin daɓen gida da na titi. A unguwannin da aka yi titi da magudana bayan an gina gidaje, sau da yawa titin ya fi zaure tudu, ruwa ya riƙa kwarara ciki.

Rufi da sauye-sauyen ciki

Mutane da yawa suna ɗora kwano a kan tsohon soro, su rufe ƙasa da silin. Dole a cire falle ɗaya ko biyu na silin a haska fitila, a soki bakin azara da sukundireba daidai inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa. A duba katakon kwano ko an shafa masa maganin gara, da yadda aka ɗaure shi. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, kuma iskar farkon damina takan yaye rufin da ba a ɗaure da waya ko ƙarfe zuwa cikin bango ba. Bakin kwano ya kamata ya fito ya kare bango daga feshin ruwa.

Mafi haɗari shi ne gidan da aka rushe bangon tsakiya don a sami babban falo, ko aka faɗaɗa taga ba a sa lintal ba. Haka tankin ruwa a kan soro: lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne. Banɗakin cikin ɗaki ma abin lura ne, domin fanfon da aka binne a bangon ƙasa in ya fara ɗiga, ba a gani sai bango ya zauna. Tsakanin masai da rijiya, shawarar masana tsafta ita ce mita 30, abin da ƙananan gidajen cikin birni ba kasafai suke cikawa ba.

Tsagar da ta sauko daga sama zuwa ƙasa a kusurwa, ko ta tashi a karkace daga bakin ƙofa, sai injiniya ya gani kafin a yi maganar kuɗi.

Lokacin dubawa

Ruwan Zariya yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta. A watan ne na 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta. Masu sayarwa sun fi son nuna gida da rani bayan sabon fenti. Mai saye ya je washegarin ruwa mai ƙarfi, ya kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya.

Takardu da biya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A yankin birni gwamna ne ke ba da haƙƙin mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye da takardar shaidar mallaka ta C of O, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Yawancin tsofaffin gidaje ba su da komai sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ko dagaci. Tana da amfani a matsayin shaida, amma ba ta maye gurbin bincike a KADGIS.

Galibinsu gidajen gado ne. Sai an ga shaidar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke zaune a wani gari. A mazhabar Malikiyya, wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin da aka saya ya karɓi rabon da aka sayar. A auna iyaka a gaban maƙwabta, musamman katangar haɗin gwiwa da hanyar ruwa. A daidaita la'adar dillali tun farko, a rubuta sharaɗin mayar da kafin alƙalami idan takardu suka sami matsala, sannan a biya sauran ta banki da sunan wanda ke cikin takarda.