Wasan ɓuya: inda za a fara duba yaro idan bai fito ba

Wasan ɓuya ba ya cin ko sisi. Ɗaya ya fuskanci bango ya rufe ido yana ƙirge, saura su watse, kowa ya nemi lungunsa. Ba mu ce a hana yara ba, domin yana motsa jiki, yana kaifafa dabara. Abin lura shi ne, a wannan wasa gwani shi ne wanda ya cusa kansa wuri matsattse, ya ja murfi, ya yi gum ko ana kiran sunansa. Irin waɗannan wurare kuwa su ne masu halaka yara.

Mota ce a gaba, musamman wadda ta lalace aka jingine ta a ƙofar gida ko a garejin makaniki. Yaro zai buɗe ya shiga cikin sauƙi, amma fitar ta gagara: hannun ƙofa ya karye, ko makullin yara na ƙofar baya, mai hana buɗe ta daga ciki, yana kunne, batir ya mutu gilas ba ya sauka. A rana, zafin cikin mota yakan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, ga shi jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki 3 zuwa 5. A ƙiyasta wannan da ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. A Disamban 2021 an tsinci gawar yara 8 cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagiri na jihar Legas. Kowace mota a kulle ta, har but, a rataye makulli inda hannun yaro ba ya kai.

Sai tsohon firji. Robar bakinsa an yi ta ne don kada iska ta shiga, kuma tana danne kukan wanda ke ciki. Tun 1956 Amurka ta yi dokar da ta tilasta ƙera firjin da za a iya turewa daga ciki, amma masu sayar da ƙanƙara da zoɓo sukan ƙara masa maratayin kwaɗo, wanda kan faɗa da kansa idan murfi ya sauko. Kafin a fitar da firji tsakar gida, a kwance murfin gaba ɗaya.

Lokacin kaka, manoma su kula da ɗakin hatsi. Ƙwayar nan ta maganin ƙwari da ake cusawa cikin buhun wake ko masara tana fitar da iska mai guba, kuma yaron da ya maƙale tsakanin buhuna ita yake shaƙa. A sa wa ɗakin kwaɗo. Tarin kara da na itace kuma mafakar kunama ce da kububuwa, balle da dare a farin wata ana gudu ba takalmi.

Kafin a fara wasa, babba ya zagaya da yaran ya nuna musu iyaka, daga zaure zuwa bishiyar kaza. Ba a shiga abin da ke da murfi ko ƙofar da ke rufe kanta. A tsayar da kalma ɗaya, kamar "an tashi", wadda duk wanda ya ji dole ya fito, kuma ba a ci shi ba. Ɗan ƙasa da shekara 5 ya ɓuya tare da yayansa. Da an gama, a ƙirga kawuna.

Idan ɗaya bai fito ba, Malam, Hajiya, kada a soma da zaga gidajen maƙwabta. A fara da ruwa: rijiya, duro, shadda, kududdufi. Daga nan motoci, a leƙa ƙasan kujera da but, sannan firji da ɗakin hatsi. Cigiya a unguwa ta biyo baya.

Wanda aka ciro daga mota jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a kwara masa ruwa mai sanyi ana fifita, a nufi asibiti. Idan ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Idan saran maciji ne, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Idan rijiya ce, a kira 'yan kwana-kwana nan take, kuma kada kowa ya dira ba igiya a ƙugunsa da masu riƙe ta a sama, domin ƙasan tsohuwar rijiya sau da yawa babu iskar numfashi.