Waiwaye: Jadawalin da Ya Fi Ƙarfin Kwamfuta

Ranar da kwamfutata ta sandare a ɗakina na Agege da ke Legas, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, ashe tsohon miki na fama. Ƙaramar manhaja nake gwadawa, wadda za ta zaɓi hanya daga Agege zuwa Obalende tana lura da inda take, da ruwan sama, da cunkoso, da man da ya rage a tanki. Ko tashi motar ba ta yi ba, gigabait 8 na ma'ajiyar kwamfutar suka cika maƙil.

Dabarar da na gina manhajar a kanta ta samo asali tun ƙarni na 19, lokacin da Bajamushe Hermann von Helmholtz ya ce gani kintace ne: ƙwaƙwalwa ta yi zato, ido ya gyara mata. A 2006 Karl Friston na jami'ar UCL da ke Landan ya ɗora a kai, ya ce duk mai rai ƙoƙarinsa ya rage ba-zata, ko ya gyara zatonsa, ko ya motsa har abin da ke gabansa ya dace da zaton. Mu ce da shi kintace mai aiki (active inference a Turance).

A baki abin da daɗi. Da aka zo zuba shi a kwamfuta sai aka koma jadawalai huɗu: A na haɗa abin da aka gani da halin da ake ciki, C abin da ake so, D mafari. B kuwa, mai faɗin daga wane hali za a faɗa wane, shi ne mai cin wuri. In halaye miliyan 1 ne, gurabensa tiriliyan 1 ne. Kowane gurbi bait 8, terabait 8 ke nan, kuma na mataki guda kawai. Kada a ce miliyan ta yi yawa: tambayoyi 30 na e ko a'a sun haifi halaye sama da biliyan 1. Tun 1957 Ba'amurke Richard Bellman ya raɗa wa wannan ciwo suna, la'anar yawan fuskoki, wato kowace tambaya da aka ƙara sai ta ninka halaye.

Magani na farko ma aro ne. A shekarun 1980 masanin kwamfuta Judea Pearl ya nuna cewa ba sai an cure komai wuri guda ba, kowane abu a ɗaure shi da abin da ya shafe shi kaɗai. Haka manhajar SPM, da aka rubuta da harshen kwamfuta na MATLAB, ke rarraba halaye gida-gida, haka ma manhajar pymdp ta harshen Python da aka wallafa bayaninta a 2022.

Na biyu duk direban danfo ya san shi. Wanda ke Oshodi ba zai ƙifta ido ya gan shi a Lekki ba. Mafitarsa uku ce ko huɗu. Kenan kusan duk jadawalin B sifili ne, kuma ajiye sifili asarar rumbu ce. A riƙe maƙwabta huɗu kawai, tiriliyan ta dawo miliyan 4, abin da wayar hannu ma za ta ɗauka. Akwai kuma hawa-hawa: a fara zaɓen unguwa, sannan layi.

Daga wajen 2018 wasu suka yar da jadawalin, suka miƙa aikin ga ƙwaƙwalwar roba mai zurfi, wato manhajar da ke koyo da kanta daga misalai. Wuri ya samu, amma ni ban gamsu ba, domin in ta kai ka Ikorodu maimakon Ikoyi, ba gurbin da za ka buɗe ka ga dalili.

Rarrabawar Pearl ma ta cije ni. Na raba ruwan sama da cunkoso kamar ba su san juna ba, alhali a Legas hadari na haɗuwa titi ke tsayawa. Manhajar ta dinga tura ni gadar Third Mainland ana tsuga ruwa. Dole na mayar da su jadawali ɗaya, na bar man tanki shi kaɗai.