Kilasta: kalmar da ake ji a rediyo, aikin da ake yi a Magazin

Kwanakin baya ina zaune a garejin kawuna a Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame a Kumasi, rediyo na kunne, wani jami'i yana ta maimaita batun tallafa wa ƙanana da matsakaitan masana'antu da ke cikin "kilasta" domin su bunƙasa. Kawu ya ɗago daga kan injin da yake kwancewa ya ce, "Kai ɗan boko, wannan kilastar a wace unguwa take?" Na ce, "Kawu, ai a cikinta kake tsaye."

Kalmar aro ce daga Turanci, kuma asalinta abubuwa ne da suka taru cunkus a jiki ɗaya, kamar nonon dabino. Masana tattalin arziki suna nufin matattarar masana'antu: wurin da masu sana'o'in da ke ciyar da juna suka taru, har aikin wannan ba ya ƙarewa sai ya bi ta hannun wancan. Yawan shaguna kaɗai bai isa ba. Layin masu atamfa a kasuwar Kejetia taro ne, amma in maƙwabcinka ya tashi, abokin hira kawai ka rasa. A Magazin kuwa, in mai walda ya kulle shago, aikin mutum biyar ya tsaya.

Ga yadda abin yake. An jawo trotro, wato motar haya, da ta mutu a hanyar Offinso. Fita, wato makaniki, ya kwance, ya ga wani ƙarfe ya cinye, sai ya miƙa wa yaronsa. Yaro ya zaga wurin masu sayar da kayan gyara na hannu, waɗanda aka ciro daga motocin Turai. In babu, ya wuce wurin mai injin fiƙe ƙarfe, a auna tsohon a fiƙe sabo. Kafin la'asar mai wayarin ya duba wuta, mai fenti ya shafe inda ta goge, mai kujera ya ɗinke wadda ta yage. Babu wanda ya hau mota a cikinsu, komai da ƙafa aka yi. Shi ya sa har direbobin manyan motoci daga arewacin Gana da Burkina Faso suke kawo gyara nan.

Sunan Magazin ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka, inda masu gyara suka fara taruwa a shekarun 1930, kafin a mayar da su Suame a 1962. A 1980 jami'ar KNUST ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazin, abin da ya yaɗa aikin injin fiƙa da zubin ƙarfe. Daga nan ake samun faifan injin niƙa da ake zubawa a gida. Kiyasin da aka fi ambata shi ne shaguna kusan 12,000 da mutum wajen 200,000. Masu katako ma suna da tasu matattarar a Sokoban.

Inda nake da ja shi ne kalmar "bunƙasa". A ma'aunin GEA, hukumar gwamnatin Gana mai kula da ƙananan kamfanoni, wadda ta gaji hukumar NBSSI a 2020, mai ma'aikata 1 zuwa 5 ɗan ƙaramin kamfani ne, 6 zuwa 30 ƙarami, 31 zuwa 100 matsakaici. Ka zaga Magazin ka ƙirga masu biyan mutum 31 albashi. Ba za ka gaji da ƙirga ba. Wurin yana faɗi ne, ba ya tsawo. Yaro ya yi shekara uku ko huɗu a hannun masta, a yaye shi, ya sayi 'yan sifanu, ya kafa rumfa a gefen hanya. Shago ɗaya ya zama biyu, kowanne bai fi na da ba.

Ba laifin masta ba ne. Yawancinsu ba su da takardar filin da suke kai, banki kuwa ba ya ba da rance a kan rumfar kwano, sai dai a yi ta adashi. Wanda ya sha wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ma ya san yadda injin walda yake zama kayan ado. Ga cunkoso, ko ka samu jarin faɗaɗawa ina filin?

Yanzu kuma motocin sun koma na kwamfuta. Kawu, da yake gane ciwon inji da kunne tun kafin a haife ni, ranar nan wata Toyota ta kunna masa wutar gargaɗi ya rasa kanta. Ya kira wani yaro da shi ya yaye, mai na'urar bincike, yaron ya rusuna ya ce, "Masta, barka da aiki," ya jona waya ƙarƙashin sitiyari. Minti goma ya faɗi abin da ya lalace, ya karɓi kuɗinsa, kawu ya ɗauki sifana ya ci gaba.