Yaranmu da suka ɓace a teku a hanyar Italiya: tambayoyin da ake ta maimaita min

Tunda labari ya iso Jos cewa jirgin robar da ya taso daga gaɓar Libiya da yaran unguwarmu a ciki an neme shi an rasa, wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin duk iri ɗaya ne. Ga amsa gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Sun rasu ne ko suna raye?

Ba a ga gawa ba, ba a gan su da rai ba. Ɓatattu ne, iyakar maganar kenan.

Me ya hana a tsamo su?

Bahar Rum ce fa, ba dam ɗin Lamingo ba. Jirgin hurawa ne ake cusa mutane fiye da kima, babu rajista babu sunaye. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, ta lissafa sama da mutum dubu 20 da suka mutu ko suka ɓace a tekun nan tun 2014. Ko waɗanda aka tsamo ma, 'yan matan Najeriya 26 da aka kai gawarwakinsu birnin Salerno na Italiya a 2017, yawancinsu ba a san sunayensu ba aka binne su.

Wani ya kira daga Libiya wai yaronmu yana hannunsu, a turo kuɗi. Mu tura?

Kar ku tura ko sisi sai kun ji muryarsa kai tsaye, ku tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Gaskiya ne akwai waɗanda ake kamawa a ruwa a mayar da su gidajen tsare mutane a Libiya, sai bayan watanni a ji ɗuriyarsu, amma macuta ma sun san da haka, da shi suke cin kasuwa.

Wani malami ya duba ya ce yana raye a wani tsibiri.

Haba jama'a. Ku ji tsoron Allah, ku bar tsohuwar nan mahaifiyarsa da 'yan kuɗinta.

Matarsa fa, ta shiga takaba? Za ta iya aure? Gado kuma fa?

Nan ne nake so ku nutsu, don kowa ya zama mufti a WhatsApp. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace ba ta yanke wa kanta hukunci, ba kuma dangin miji ke yankewa ba, gaban alƙali za ta kai magana, a yi bincike, in ba a samu labari ba ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, asalinsa hukuncin Sayyidina Umar ne. Amma lissafin sai an kai ƙara an gama bincike yake farawa, ba daga ranar da jirgi ya ɓace ba, shi ya sa zaman jira a ɗaki bai rage komai. Kuma wannan in ya bar abin da za a ciyar da ita ne, in babu tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta kai shekara 4 ba. Sannan wanda ya ɓace a inda halaka ta fi rinjaye, malamai sun yi saɓani a kansa, in akwai wanda ya tsira ya shaida ya ga nutsewarsa to magana tana iya canzawa, ya danganta da abin da alƙali ya gamsu da shi. Gado kuwa daban ne, ya fi aure daɗewa, don haka masu leƙen filinsa da babur ɗinsa su dakata. Banki kuma da dokar ƙasa yake aiki, ita sai an shekara 7 ba labarin mutum take ɗaukarsa a matsayin mamaci. Ita kuma baiwar Allah, neman haƙƙinki a kotu ba cin amana ba ne, kar a sa ki jin kunya.

Ina za mu kai rahoto?

Red Cross, suna da sashen neman 'yan uwa da suka ɓace, kyauta ne. Ku tafi da hotonsa, cikakken suna, tabo ko wata alama a jiki, garin da ya kira na ƙarshe da lambar da ya kira da ita.

Mu ci gaba da sa hotonsa a Facebook?

Ku sa, amma ku cire lambar mahaifiyarsa, a sa ta wani namiji mai taurin zuciya. Daga nan masu kiran kuɗin suke kwasar lamba.