Ba tsutsa ce ke cin haƙoran yara ba

An daɗe ana cewa tsutsa ce ke cin haƙorin yaro idan ya yi rami. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙin alewa da lemon kwalba, sai su fitar da ruwa mai tsami da ke zaizaye haƙori a hankali. Shi ya sa goge baki a makaranta da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid yake rage matsalar. Iyaye da malamai na iya duba bakin yaro cikin haske. Idan suka ga farin tabo kamar alli ko baƙin ɗigo a turamen haƙori, su kai shi wurin likitan haƙori. Don Allah a tura wa sauran iyaye wannan bayani.