Kasuwar tsofaffin sulallan Rumawa

Sulallan Rumawa su ne kuɗin ƙarfe da daular Rum ta buga, kuma yau masu tara kayan tarihi ke sayensu, galibi a wurin gwanjo a Landan, Zurik, Jamus da Amurka, ko ta intanet. Manyan nau'o'insu su ne aureus na zinariya mai nauyin kusan giram 8, denarius na azurfa mai kusan giram 3.9 a zamanin Sarki Augustus (daga sunan denarius aka samo kalmar dinari), da sestertius, babban sulai na tagulla.

Tsufa kaɗai ba ya sa sulai tsada. Ƙananan sulallan tagulla na zamanin Sarki Constantine, a ƙarni na 4, an buga su da yawan gaske, har ana samunsu da 'yan daloli. A 2010 an tono tulu ɗaya a Frome ta Ingila da sulalla 52,503 a ciki. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin sulan, sunan sarkin da ke jikinsa, da yadda fuskarsa ta fito sarai. Mai saye kuma ya lissafa la'adar 'yan gwanjo, wadda kan kai kusan kashi 20 cikin ɗari.

Yanzu takardar asali, wato shaidar tarihin mallakar sulai, ce ke jan kasuwar. Sulan zinariya na Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Julius Kaisar, mai rubutun EID MAR (15 ga Maris, ranar kisan), da aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa don tunawa da kisan Julius Kaisar, an sayar da shi a Landan a 2020 kan fam miliyan 3.24. Daga baya aka gano tarihin mallakarsa na bogi ne, hukumomin New York suka mayar da shi Girka a 2023. Shi ya sa sulan da ke da shaidar yana hannun jama'a tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi ya fi daraja.

Jabu ma na nan. Na gaske bugawa aka yi da guduma. Na zubi yakan nuna layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka, nauyinsa kuma bai cika daidai ba. Akwai masu sassaƙa gashin sarki da allura don ya fito, wanda ke karya farashi. A tagulla, koren gari mai laushi alama ce gishiri da laima na cin ƙarfen, sai a ware sulan daga sauran a ajiye a busasshen wuri.