Waiwaye: Ciwon MS da binciken ruwan laka na 1942

Tun da aka fara jin sunan ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) a shirye-shiryen lafiya na rediyo, gardama ba ta lafa ba a ƙauyukanmu na wajen Ringim da Gumel. Wasu sun ce sabuwar cuta ce, abincin zamani ya kawo ta. Wasu sun kafe a kan ta Turawa ce, ba ta kama baƙar fata. Mafi yawa kuwa, in suka ga budurwa ko mai jego idonta ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, bayan makonni ta warware, shekara ta zagayo abin ya dawo, ba sa wuce iska ko sammu. Lafawar da dawowar ita ke ƙara musu yaƙini, alhali haka ciwon yake tun asali.

Tun 1868 likita Jean-Martin Charcot ya siffanta shi a Paris. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wata riga mai maiƙo, kamar robar jikin wayar lantarki, kuma ita ce ke zaizayewa har saƙo ya kasa wucewa. Abin da ke cin ta ne aka daɗe ana lalube, wasu su ce guba, wasu su ce toshewar hanyar jini. A 1933 Thomas Rivers ya haifar da makamancin ciwon a jikin birai ta hanyar yi musu allurar ƙwaƙwalwar zomo.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne Elvin Kabat, haifaffen New York a 1914, masanin garkuwar jiki. Ya yi aiki a Uppsala ta ƙasar Suwidin tare da Arne Tiselius, mai na'urar da ke rarrabe sinadaran jini da ƙarfin lantarki. Su biyun suka nuna cewa makaman da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta suna cikin rukunin da ake kira gama gulobulin. Da ya koma Jami'ar Columbia, sai ya zuba ruwan lakar marasa lafiya a irin wannan na'ura maimakon jini. A 1942 ya wallafa abin da ya gani: makaman nan sun yi yawa a ruwan lakar masu MS, haka ma na waɗanda tunjere ya hau musu ƙwaƙwalwa. Na tunjere ba abin mamaki ba ne, akwai ƙwayar cutar da ake yaƙa. To na MS fa, da wa ake faɗa?

A lokacin, masana da dama ba sa yarda jiki zai juya wa kansa makami. Kabat bai tsaya a zato ba. A 1947, shi da abokan aikinsa suka maimaita gwajin birai, ciwon ya bayyana cikin makonni kaɗan, suka kafa hujjar cewa garkuwar jikin ce ke cin rigar jijiyar. Kusan duk maganin da ya biyo baya a kan wannan turba yake, daga wanda Amurka ta fara amincewa da shi a 1993 zuwa gwajin maganin rituximab na likita Stephen Hauser a 2008. Ko da hoton MRI mai nuna cikin ƙwaƙwalwa ya zo a 1981, bai ture ruwan laka ba. Ƙa'idojin gano ciwon na 2017 ma ƙara masa daraja suka yi.

Gaskiya ne ciwon ya fi yawa a ƙasashen sanyi, kuma cikin mutum miliyan 2.8 da aka ƙiyasta a duniya a 2020, kasonmu kaɗan ne. Amma wanda aka gwada shi ake ƙirgawa. Mu nan saboda sanƙarau muka san ɗiban ruwan laka, kuma da tsoro muka san shi, har ana cewa wanda aka ɗiba ba ya tashi. Sau da yawa tsananin ciwon da jinkirin kai shi asibiti ne suka kayar da shi, allurar ta ɗauki laifi. Inda aka yarda aka ɗiba kuma, ƙwayar sanƙarau ake nema. Gwajin da ya samo asali daga aikin Kabat yana buƙatar ɗakin bincike da likitan jijiyoyi, kuma ba a ƙauye suke ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin ciwon ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza, wato matan da gida ke kansu.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin magunguna na dole, har da rituximab. Ba sa warkarwa, rage dawowar ciwon suke yi, kuma an fi cin moriyarsu in aka fara da wuri. Likita ba zai rubuta su ba sai an tabbatar da ciwon, tabbatarwar kuwa na nufin kuɗin mota zuwa Kano, da na hoto, da na mai jinya, a gidan da ba ya ganin kuɗi sai da kaka.